Nikifor Mai Kora da Bindigar Surukinsa

Duk wanda ya zauna a Runku ya san tafiyar Nikifor tun kafin ya san fuskarsa. Mutum ne da Allah ya halitta da hayaniya. In ya taso daga bakin rafi sai ka ji takalman robarsa suna fatali da tsakuwa, ka ji fito, ka ji yana gaisawa da karnukan mutane kowanne da sunansa, sannan can daga baya shi kansa ya ɓullo, dogo, wuya kamar na zalɓe, hula a ƙeya. Ko cokali ya ɗauka sai ya faɗi. Matan ƙauyen sukan ce da ɓarawo ne da tuni yunwa ta kashe shi.

Aikinsa na albashi a injin yankan katako ne, har ranar da aka rufe wurin aka watsa su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Amma abin da aka san shi da shi a duk kwarin nan shi ne kora. In maharba suka jeru a bakin kurmi kowa da bindigarsa, akwai waɗanda ake turawa ta ɗaya gefen su shiga da sanduna, suna dukan itatuwa suna ihu, don barewa da aladen daji su firgita su fito inda ake jiransu. Nikifor ya fi shekara ashirin yana wannan, kuma babu wanda ya kama ƙafarsa. Trifan, shugaban ƙungiyar maharba, yakan ce Nikifor shi kaɗai ya yi mutum biyar. Ladan mai kora kuwa sananne ne: hanta, huhu, wani lokaci wuya, da ɗan kofin barasa a tsaye. Maharba su zauna a benci kusa da wuta, masu kora su tsaya daga baya suna taya su dariya. Duk tsawon shekarun nan Nikifor yana dariyar, yana kuma kallon bencin. Kada wanda ya ce maka mai yawan fara'a ba ya ƙulla abu a ransa.

Matarsa Domnika saboda hayaniyar nan ta aure shi, ba ta kuma taɓa ɓoyewa ba. 'Yar Kalistrat ce, maharbin da ba a yi kamarsa ba a duwatsun nan namu na Bukobina. Gajere ne, wuyansa a cushe cikin kafaɗu, kansa kullum a karkace dama kamar mai sauraren wani abu a ƙarƙashin ƙasa. Ba ya magana sai dole. Abin da ya fi muni, ba a jin tafiyarsa. Busasshen ganye ma ba ya ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. A daji baiwa ce, a gida kuwa masifa. Domnika ta tashi a gidan da ba ka sanin maigida ya shigo sai ka juya ka gan shi tsaye a bayanka, abin da ke biyo baya kuma ba sai an faɗa ba. Ba ya maye, ba ya ihu, ba ya zagi. Da yana yi ma da sauƙi, da an san lokacin gudu. Saboda haka ranar da Nikifor ya zo zance ya yi tuntuɓe da bokitin madara tun a ƙofar gida, a nan take ta yanke shawara. Sharaɗi ɗaya ta gindaya masa kafin su je coci: ko me zai zama a duniya, ya bari ta riƙa jin zuwansa. Ya yi dariya har ya buga kansa da saman ƙofa. Sun haura shekara talatin a haka lafiya lau, sun aurar da 'ya'ya biyu da ke aiki a Italiya yanzu.

Kalistrat ya mutu a asibitin birni cikin hunturu, ya haura tamanin. Domnika ta je jana'iza, ta yi duk abin da 'ya ke yi, ta dawo ta yi barcin da ta ce ba ta taɓa samun irinsa ba. Mutuwar ta buɗe gurbi a ƙungiya, don adadinsu ƙayyadadde ne, sai wani ya kwanta dama wani ke shiga. Nikifor ya daɗe da cin jarrabawar maharba, jira kawai yake yi. Trifan ya ja shi gefe ya ce gurbin nasa ne, muddin ya mallaki bindigar kansa kafin mazajen barewa su fara ruri a watan Satumba. In ya kasa, akwai wani mai cire haƙori a birni da ya matsa lamba, ga mota ga kuɗi. Domnika ba ta hana ba, don ta san abin da bencin nan yake nufi a wurinsa. Cewa ta yi kawai ya sayi kowace bindiga a duniya, banda ta ubanta.

Ya sayar da maraƙi, ya haɗa da ɗan abin da ya ɓoye a bayan hoton aurensu, ya hau bas zuwa birnin Suchaba. Bai nemi taimakon 'ya'yansa ba. Mutumin da ya yi shekaru yana karɓar huhu a tsaye bai ga dalilin da zai sa ya hau benci da kuɗin 'yarsa mai wanke tsofaffin Italiya ba.

Mai shagon bindigogi wani mai tumbi ne da tabarau a goshi. Kallo ɗaya ya yi wa takalman Nikifor ya san nauyin aljihunsa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Duk da haka ya yi masa kara, ya jera masa kaya a kan kanta. 'Yar Jamus dai shafa ta kawai ya bar shi ya yi, don kuɗinta sun sayi tsohuwar tarakta. Akwai 'yar Turkiyya sabuwa fil mai gindin roba, sakatarta tana ƙara in an ja, mai shagon ya ce wannan daidai da shi ce, ai dama shi ma yana son surutu. Nikifor ya ji ta shiga ransa, sai da aka ɗora masa kuɗin akwatin ƙarfen da doka ta ce a kulle ta a ciki, da na lasisi, da na likitan da zai shaida cewa yana da hankali, da na harsashi, sannan ya ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Aka ɗauko wata tsohuwa 'yar ƙasar Cek da ta sha hannu. Mai shagon ya zare sakatar, ya ce ya ɗaga bututun ya duba haske ta ciki. Zanen nan da ke murza harsashi ya tafi sak duk ya cinye, sai sulɓi. Ya ce ba zai cuce shi ba, wannan in an yi nisa za ta harbi duk abin da ta ga dama, banda abin da aka saita. Nikifor ya tambayi kuɗin madubin hange, ya ji amsa, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Baffa, gaskiya ɗaya ce," in ji mai shagon. "Da kuɗin nan madubin kaɗai za ka saya, sai ka riƙa hango barewa kana yi mata addu'a."

"To ya zan yi, maigida? Satumba ba ta jira."

"Ku mutanen tudu ai ba ku rasa matar mamaci mai bindigar miji a ajiye wajen 'yan sanda. Nemi irin wannan. Matattu ba sa tsawwala farashi."

A bas ɗin dawowa ya yi ta lissafa matan mamata na kwarin, ya kewaya ya kewaya, kullum lissafin a gida ɗaya yake tsayawa. Da ya sauka, ƙafarsa ba ta kai shi gidansa ba, gidan surukarsa Safta ta kai shi.

Bindigar Kalistrat tana wajen 'yan sanda tun hunturu, sun kuma aiko cewa in ba a samu mai saye ba za a yanka ta. Kowa ya san babu mai kyanta a kwarin, kowa kuma ya kau da kai. Dalili shi ne ba a sallami mai ita ba. A Runku, in maharbi ya mutu, kafin a tura ƙasa sai abokinsa ya ɗaga bakin bindigar mamacin sama a kan kabari ya harba sau ɗaya. Ana gaya masa ne cewa farauta ta ƙare, ya kwanta. Limamin coci ba ya son abin, amma yakan juya baya ya yi kamar yana gyara rigarsa. To shi Kalistrat ƙanƙara ta tsare hanya, gawarsa ta yi jinkiri a birni, kafin ta iso an riga an zo an karɓi bindigar kamar yadda doka ta ce. Haka aka rufe shi shiru.

Safta 'yar ƙaramar tsohuwa ce cikin baƙaƙen kaya, ta saba magana ƙasa-ƙasa ko da babu kowa a ɗakin. Ta ce ba ta son ko sisi, ya kawo mata itacen da zai fitar da ita hunturu, ya kuma toshe mata inda rufi ke yoyo. Nikifor ya san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ya ce ya yarda. Da ya miƙe zai fita ta riƙe bakin rigarsa.

"Ka sallame shi tukuna, ɗana. Harsashi ɗaya ne. In ba haka ba yana nan yana ganin har yanzu lokacinsa ne."

Bai yi wa Domnika ƙarya ba, wannan kam a ba shi. Ya zauna ya jera mata hujja: ƙarfe ne da katako, bututunta kamar madubi, ba za ta shiga ɗakin kwana ba, a ɗakin ajiya zai kafa akwatin, in ya samu hali zai canja mata gindi ta zama wata daban. Ta saurare shi har ƙarshe tana ɓare wake. Sannan ta ce ba bindigar take tsoro ba. Ya tambaye ta to me, ta kwashi kwanonta ta fita.

Gindin nan shi ne matsalar. Kalistrat da hannunsa ya gutsure shi daidai da gajerun hannayensa, ya kuma fafe katakon inda kuncinsa ke kwanciya. Nikifor in zai ga saiti sai ya cusa dogon wuyan nan cikin kafaɗu, ya karkata kai dama, ya danna kunci cikin ramin da wani ya bari. Ya tambayi mai gyaran bindiga kuɗin sabon gindi, ya ji abin da ya fi ƙarfin ragowar maraƙinsa bayan akwati da lasisi. Araha ba ta ado. Tunda ba za a gyara bindiga ta dace da mutum ba, sai mutum ya gyaru ya dace da bindiga. Harsashin da ya zo da ita 'yan kaɗan ne, ragowar kwalin tsohon, sababbi kuwa kowane ɗaya kuɗin cukun mako ne. Don haka kullum da hantsi sai ya shiga rumfar ingirici ya yi ta ɗaga ta babu komai a ciki, yana saita wani kullin katako a bango, ya sauke, ya sake ɗagawa, har wuyan ya daina yi masa ciwo.

Zancen sallama kuwa ya yi ta ɗagawa, gobe, jibi, sai da Trifan ya ce masa babu wanda zai shiga daji da shi in bai yi ba. Ya tafi shi kaɗai da rana tsaka, cikin watan Yuli, lokacin da kowa ke yankan ciyawa. Maƙabartar tana kan tudu bayan coci. Ya tsaya a kan kabarin ya zube harsasan a tafin hannu, sai halin talauci ya motsa. Ya ce a ransa, mutumin da ya mutu me zai yi da mai kyau? Ya tsinci mafi muni, wani da tagullarsa ta yi kore, ya ɗura, ya ɗaga bakin bindiga sama, ya ce, "To Baba, farauta ta ƙare," ya ja kunama.

Ƙas kawai ta yi.

Abin da Nikifor bai taɓa mantawa ba shi ne shirun da ya biyo baya. Gyare da ke ta kuka a cikin ciyawa suka ɗauke gaba ɗaya. Daga can ƙasa yana hango masu yanka suna wurga laujensu, amma ko ƙarar ƙarfe ba ta iso shi. Ya ji a jikinsa cewa akwai wanda ke tsaye a bayansa, kusa sosai, ba ya fushi, jira kawai yake yi. Ya kasa juyawa. Ga masu kyau a hannunsa, da ya ɗura wani da an wuce wurin. Amma ya tuna cukun mako, ya tuna Satumba, ya zare koren ya jefa aljihu tare da sauran, ya sauko yana kallon gabansa. Ya gaya wa Trifan ya je ya ja kunama, wanda gaskiya ne. Trifan ya ce babu wanda ya ji ƙara. Nikifor ya ce iska ce ta yi can da ita.

Daga nan aka fara koyon sanɗa, don namijin barewa ba a koro shi, bin sa ake yi. Trifan ya ɗauka zai sha wahala da mutumin da ko a coci ba ya iya zama shiru, sai ya ga abin mamaki. An nuna masa yadda ake sauke ƙafa sau ɗaya ya kama, kamar tuna masa aka yi. Ya bar fito don fito yana korar nama. Ya bar kiran karnuka, su ma suka daina ɗago kai in ya wuce, ba haushi ba kaɗa wutsiya. Wuyan da ya saba cusawa a rumfa ya ƙi miƙewa in ya fito. Wata mata da ta hango shi ta baya a hanyar kanti ta yi alamar gicciye ta canja hanya. Ranar da ya kai wa Safta itace, tana ganinsa a ƙofa ta miƙe zumbur ta goge kujerar kusa da taga da zanen gabanta, ta ajiye kofi, ta koma jikin bango ta tsaya kanta a ƙasa. Wannan kujerar ba ta baƙi ba ce, ta Kalistrat ce. Ya zauna a kai ya sha.

Gaskiyar da ba a son faɗa ita ce abin ya yi masa daɗi. Mutumin da tun yana yaro ake yi wa dariya, yau in ya iso taro sai a rage murya. Ya ɗanɗani kwarjini a shekarun tsufa, ya kuma ji ya fi barasa hawa kai.

Domnika kuwa ta rame a tsaye. Ta fara barin rediyo a kashe don ta ji motsi. Wata ranar Lahadi bayan sun dawo daga coci, suna zaune a ƙofar gida, ta ce ya yi mata fito, ko wanne ne. Ya tattara leɓe ya hura, iska kawai ta fita. Ya sake, haka. Ya ce leɓensa ne suka bushe.

"Ka mayar da ita, Niki," in ji ta. "Na haƙura da naman. Ni dai mijina nake nema."

"Barewa ɗaya tak. In na hau bencin nan sau ɗaya, sai a yi maganar."

Ta ce ubanta ma ɗaya tak ya riƙa cewa. Ransa ya ɓaci. Da can in ransa ya ɓaci sai ya yi ta bambami yana zubar da kujeru har ita ta fashe da dariya. Ran nan babu bambami. Kallonta kawai ya yi ta gefen ido, kai a karkace, har ta tashi ta shiga ciki.

Satumba ta zo da hazo. Suka fita da Trifan gari na wayewa, suka hau gangaren da ke bayan rafi, daga can sama ruri yana saukowa, irin muryar nan mai kauri da kake ji a ƙirji kafin kunne. Trifan ya faɗa daga baya cewa ya tsaya ɗaure takalmi, ya ɗago bai ga kowa ba, ko reshe bai motsa ba. Shi kuwa Nikifor ƙafarsa ce ta ja shi. Kurmin nan ya yi shekara ashirin yana dukan itatuwansa, yana ganin babu lungun da bai sani ba, amma ya tsinci kansa a wata siririyar hanya tsakanin duwatsu da bai taɓa gani ba, kuma duk inda zai taka ya riga ya san ko akwai tsinke a wurin. Hanyar ta ƙare a gindin wata tsohuwar bishiya da ke kallon ɗan fili. A jikinta akwai tsaga da ta yi sulɓi don yawan ɗora bindiga, daidai kafaɗar gajeren mutum. Ya rage tsawo ya ɗora, ta zauna daram.

Namijin ya fito daga hazo a hankali, ƙahonsa mai rassa yana ɗigar da raɓa, tururi na fita daga bakinsa. Nikifor bai ji tsoro ba, bai ji murna ba, zuciyarsa ko sauri ba ta ƙara ba, abin da ya kamata ya ba shi tsoro ke nan. Ya sa hannu a aljihu ya laluba ya ɗura ba tare da ya duba ba. Harbi ɗaya, dabbar ta durƙusa ta kwanta. Da ya ja sakata kwanson ya faɗo a kan ganye, ya duba, koren nan ne.

Aka yi yadda ake yi. Trifan ya iso yana haki, ya karyo ɗanyen reshe ya sa wa barewar a baki, ya dangwala wani a jini ya miƙa masa ya soka a hula. Ya miƙa ne daga nesa, hannu a miƙe, bai kuma yi masa tsiyar da ake yi wa sabon maharbi ba. A wurin wuta aka matsa masa a benci tun kafin ya iso, aka bar masa wuri mai faɗi, babu wanda ya zauna kusa. Masu kora abokansa na jiya suna tsaye daga baya, ba wanda ya yi dariya. Ya zauna a inda ya yi shekara ashirin yana kallo, ya ji katako ne kawai, mai sanyi ma. Aka ba shi cinya, rabon mai harbi, ya saɓa ya kama hanyar gida rana na tsaka.

Ya yi niyyar ƙwala mata kira tun daga ƙofar shinge, ta fito ta ga cinya ba huhu ba. Har yau yana rantsuwa ya yi niyya. Amma ya wuce shingen, ya wuce karensu da ke kwance bai ko motsa kunne ba, ya tura ƙofar da kullum take kuka ta buɗe shiru. Domnika tana gaban murhu ta ba ƙofa baya, tana tuƙa tuwon masara, tana 'yar waƙa ta hanci. Ya ajiye naman a kan tebur. Ya matsa ya tsaya a bayanta, kusa, yana kallon furfurar da ta sulluɓo daga ƙarƙashin ɗankwalinta. Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba. Waƙar ta tsaya. Muciyar ta tsaya. Ba ta juyo ba. Sai ta saki muciyar ta sulale ƙasa a jikin murhu, ta ɗora hannaye biyu a ka, mace mai jikoki, ta yi magana da wata 'yar siririyar murya da bai taɓa ji ba.

"Baba, ban ji shigowarka ba. Yanzu zan gama."

Ya buɗe baki zai ce shi ne, sai idonsa ya faɗa kan hannunsa na dama. Hannun yana kan ƙarfen bel ɗinsa, har ya zare harshen daga rami. Nikifor, wanda ko kare bai taɓa duka ba. Ya tsaya yana kallon hannun kamar na wani, tuwo yana ƙonewa a tukunya, ita kuma tana ƙasa tana jira.

Washegari ya kai bindigar wajen 'yan sanda ya ce a yanka ta, ya tsaya har ya ga an sa ta a ɗakin ajiyarsu. Gurbin ya tafi ga mai cire haƙori. Ya gwada komawa kora sau ɗaya, muryar ta ƙi fita, aladen daji suka kwanta abinsu ya wuce ta kusa da su, ya bari. Wuyan bai miƙe ba, likita ya ce shekaru ne. Ƙafar ma ba ta dawo da hayaniyarta ba. Yakan riƙa buga ta da gangan in ya tuna, amma da ya shiga tunani sai ta koma sanɗarta. Shi da kansa ya kwance ƙararrawa daga wuyan babban ragonsu ya ɗaura a ƙugu, ya jefa bel ɗin a murhu, ya koma ɗaure wando da igiya. Mutanen Runku da ba sa barin abin tsiya ya wuce suka raɗa masa Ragon Domnika. Yana amsawa.

Suna nan tare har yanzu, a gidan nan na ƙarshe kafin rafi. Tana dafa masa abinci, tana ɗinke masa riga, in ya yi tari da dare ita ke tashi ta dafa masa ganye. Ba ta taɓa tayar da zancen ran nan ba, shi ma haka. Ya nemi gafara ta ce ta yafe, kuma ta yafe ɗin da zuciya ɗaya. In ta ji ƙararrawa daga gangare takan amsa masa tun kafin ya iso, wani lokaci har da murmushi. Amma duk sa'ad da ya shigo ɗaki, hannunsa take fara kallo, sannan fuskarsa.